Taitus, kote, shawa ko na ruwanmu: wanne za a saro?

Masu tambayar wane kifi ya fi dacewa a saro, musamman iyayenmu mata masu suya a ƙofar gida da samarin da ke kasa tire a bakin tasha, amsar fa ba ɗaya ba ce. Kafin ka tambayi kuɗin katan ka fara tambayar kanka, garinku akwai wuta? In babu, cikin awa nawa kifin nan zai shiga mai? Mu nan farashi muke fara tayawa, shi ya sa ake yawan kwasar asara.

Na ƙanƙara dai shi ya cika mana kasuwa, daga Gujungu ran Lahadi har Wudil ran Juma'a. Yawancinsa ba daga tekun Najeriya yake ba sam. Taitus daga tekun arewacin Turai ake kamo shi, wajen su Norway da Holan da Birtaniya, kote kuma da yawa daga Walvis Bay ta Namibiya yake tasowa ko Nuwadibu ta Muritaniya, garuruwan da kamun kifi ke cikin manyan sana'o'insu. Can ana daskarar da shi ne tun a cikin jirgi ko a masana'antar bakin tashar ruwa ba tare da ɓata lokaci ba, kuma ƙa'idar ita ce ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har ya zo hannunka. Toh jirgi ya sauke a Apapa, ya kwana a ɗakunan sanyi na Legas, tirela ta kwaso shi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, dillali ya karɓa, sannan aka ɗora shi a bayan akori-kura ko mashin cikin ranar nan tamu ta watan Afrilu zuwa ƙauye. Kaga kifin lafiyarsa ƙalau ya bar teku, a ƙarshen tafiyar nan ne yake lalacewa, wajen mai firizar da nefa ke ɗauke masa wuta ya narke da rana ya sake daskarewa da dare.

Don haka in an buɗe maka katan kar ka tsaya kallon na sama. Duba gindin kwalin, in ka ga jini ya taru ya daskare a ƙasa ko ƙanƙarar ta yi ja-ja, ko kwalin ya jiƙe ya bushe ya yi laushi, wallahi ya taɓa narkewa ko me mai shago zai rantse maka. Ciki a fashe, ko gefen cikin ya yi rawaya-rawaya, man jikinsa ne ya fara lalacewa kuma za ka ji ɗacin a suya. A jikin katan ana rubuta ƙasar da ya fito da ranar da aka daskarar da shi da nauyin kowane kifi, in ba ka iya karantawa ba ka sa yaro ya duba maka. Nauyin nan shi ne lissafinka, katan mai kilo 20 in kowane kifi giram 400 ne guda 50 kenan, da wannan za ka san nawa yanka zai tashi tun kafin ka miƙa kuɗi.

Taitus ya fi su daɗi, ba gardama, ga maiƙo ga ƙarancin ƙaya, kwastoma shi yake nema. Amma ya fi tsada kuma yana da haɗari in ya sha zafi, domin akwai wani sinadari da ake kira histamin da ke taruwa a namansa, mutum ya ci sai fuska ta yi ja, jiki ya hau ƙaiƙayi, ga ciwon kai wani har da gudawa, a ce ai jininsa ne bai haɗu da kifi ba alhali kifin ne ya lalace. Abin da mutane ba su sani ba, suya ba ta kashe shi, ko ka soya ya yi ƙarau yana nan. Wanda ba shi da sola ko firiza mai aiki, ni dai ban ba shi shawarar ya saro katan guda na taitus shi kaɗai ba, gara ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a raba a ranar kowa ya soye nasa kafin magariba.

Kote namansa ya fi tauri, ba ya dagargajewa a kasko, kuma kuɗinsa ya ɗan sauka, shi ne na mai sana'a a ganina. Shawa arha gare shi da auki amma ƙaya kamar me, in gidan yara ne sai an zauna an tsince. Fanla kuwa ruwa ne rabinsa, ka soya ya tsuke, barshi a banda ko miya.

Tsadar da ake ta kuka da ita kuma ba dala kaɗai ba ce. A 2019 hukumar MSC, wadda ke ba da shaidar cewa ana kamun kifi ba tare da ƙarar da iri ba, ta dakatar da shaidar taitus na arewa maso gabashin Atilantika, saboda ƙasashen da ke kamun sun kasa jituwa a kan rabo, kowa ya yanka wa kansa kaso, in aka haɗa sai ya zarce abin da masana suka ce tekun zai iya ɗauka. A Nuwadibu kuma masana'antu ne birjik suna niƙe ƙananan kifin da talakan Afirka ta Yamma ke ci, a mai da shi gari a fitar waje a ciyar da kifin gona da dabbobi. Mai tire a Ringim ba abin da zai iya yi a kan wannan, illa dai kar ya gina sana'arsa a kan taitus kaɗai.

Inda kuɗinka ke da ta cewa shi ne kifin ruwanmu. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsofaffin masunta za su gaya maka giwan ruwa da yauni irin na da sai an dace. A haka kuma wasu ke jan gidan sauro a ruwa su kwashe har 'ya'yan karfasa da ba su kai yatsa ba, wasu su zuba maganin ƙwari na Gamalin kifi ya taso a mace. Dan Allah in ka ga an kasa irin waɗannan 'yan mitsi-mitsin kar ka taya, kifin baɗi ne ake sayar maka. Kifi mai kyau idonsa garau yake, ka ɗaga murfin gefen kansa ka ga ja jawur, ka danna yatsa naman ya dawo. Wanda ya zo da sassafe amma ya riga ya yi laushi, tambayi yadda aka kama shi.

Ga ƙauyen da ba wuta, zaɓina tarwadar gona ce. Da ranta take zuwa, tana shaƙar iska don haka za ta kwana a baho in ana canja mata ruwa, ka yanka daidai wadda za ka sayar ka bar saura. Matsalarta kilo ya yi tsada saboda abincin kifi ya yi tsada, kuma manyan sun cika kitse, matsakaita sun fi auki a farfesu.

Sai banda, na Haɗeja ko wanda ke zuwa daga Baga. Yana jure ajiya, ba ruwansa da nefa, amma nan ma a buɗe ido don wasu 'yan kasuwa na fesa masa Sniper saboda ƙwari, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Shinshina shi, ƙamshin hayaƙi ya kamata ka ji ba warin magani ba. Karya guda ɗaya ka duba ciki, in gari na zuba ƙwari sun riga ka, in kuma da danshi a tsakiya bai gama bushewa ba, zai yi fumfuna a buhu kafin kasuwa ta zagayo.