Tallafin koyon sana'a a Damagaram: ya yake yi wa yaron da mahaifinsa ke gidan kaso?

Tsarin sananne ne a garin nan. Ƙungiya ta samo kuɗi, ta zaɓi yara, ta kai su wurin mai gyaran babur ko tela, ta biya kuɗin koyo na wata uku ko shida, ranar rufewa a raba kayan aiki. Ta ɓangaren gwamnati kuma akwai FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, da cibiyoyin koyar da sana'a da ake kira CFM. Ga yaron da mahaifinsa ke tsare, wannan ya fi masa shiga cikin ƴan pale, wato gungun matasan unguwa masu kama da ƴan daba, nesa ba kusa ba, kuma muna ba iyaye mata shawara su nema. Sai dai an tsara shi ne don yaron da zai koma gida ya tarar da tuwo, kuma nan ne yake kasa ɗaukar waɗannan yara.

Tun daga takardu ake fara zubar da su. Dokar ƙwadago ta Nijar ba ta yarda a ɗauki yaro koyon aiki kafin shekara 14 ba, don haka sai an nuna takardar haihuwa. Wanda ba a yi masa ita a kan lokaci ba, sai an bi ta kotu da shaidu. Ga kuma gurbin sa hannun uba. Shirin kirki yana karɓar hannun uwa, ko na baffa, ko shaidar mai unguwa, kuma yana ware kuɗin neman takardar tun cikin lissafinsa. Wanda bai yi haka ba, ya rufe ƙofa tun ba a shiga ba.

Gyaran babur shi ne ya fi saurin kawo kuɗi, saboda yawan ƴan kabu-kabu. Cikin wata shida yaro mai himma zai iya faci, juyen baƙin mai, wanke kafireta, ɗaure sarƙa, gyaran birki da canjin buji, ya kuma gane sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17 da ido. Buɗe inji a sa fistin da zobe ba aikin wata shida ba ne. Duk shirin da ya yi wannan alkawari ya cika baki. Abin da ke ɓata aikin shi ne cunkoso. Idan aka tura yaro takwas gareji mai akwatin sifana ɗaya, sabon zuwa zai ƙare a aike da sayo shayi. Biyu ko uku sun isa, kuma a rubuta a takarda abin da maigida zai koyar kowane wata.

A ɗinki, keken ƙafa irin Butterfly ya fi na lantarki, ganin yadda wuta ke zuwa tana tafiya. Kuskuren da aka saba shi ne a sayi keke a manta da abin da ke tafiyar da shi: almakashi mai kyau, magwaji, zare, man keke, bel na ajiya, dutsen guga na gawayi, da allura lamba 14 ta atamfa da 16 ta yadi mai kauri. Takardar buhun siminti ta isa koyon yanka na makonnin farko, amma bayan nan dole a samu yadi na gwaji, don babu telan da zai bar ɗan koyo ya sa almakashi a shaddar mutane. Kada kuma a fara a watan azumi. Tela na fama da ɗinkin Salla, ba shi da lokacin kowa.

Inda tallafin ya fi rauni shi ne ciki. Gidan da aka tsare mai ciyar da shi, yaron ne ke talla, shi ke neman ruwa, wanda kowa ya san wahalarsa a Damagaram, sau da yawa kuma shi ke kai wa mahaifinsa kwanon abinci. Wanda ya taso daga unguwar Kara-Kara zuwa shago a wajen kasuwar Dole ba karin kumallo, mako biyu zai yi ya daina zuwa, a rubuta cewa ba ya so. A lissafa: dala ɗari (sefa 500) a rana ta abinci da abin hawa, kwana 26, jika 13 (sefa dubu 13) ke nan a wata, jika 78 a wata shida. Rage bikin rufewa da rigunan talla ya isa ya rage wannan nauyi. Gara a biya mai abincin da ke kusa da shagon duk mako, maimakon a damƙa kuɗin wata a hannu. A kuma ware masa ranar ziyara ba tare da an ɗauke ta fashi ba.

Mai kula da yaron ya kasance babba ne daga unguwarsu, mai leƙa shagon duk mako, wanda zai ji idan ana dukansa ko ana yi masa gori. Sirri wajibi ne. Maigida kaɗai ya isa ya sani. Allo ko hoto a Facebook mai cewa «ƴaƴan fursunoni» tabo ne da zai bi yaro, yarinya kuwa har maganar aurenta yana iya taɓawa. Laifin wani bai kamata ya zama sunan ɗansa ba.

Kayan aikin ma, miƙa su ranar biki kuskure ne. Gida na cikin bashi, ga kuɗin lauya ko tara, keken zai tafi kasuwa, kuma ba za a zargi uwar ba. A bar shi a shagon maigida wata uku, da takarda mai sunan yaron da shaidar mai unguwa, yana aiki da shi ana ba shi kasonsa.

Kafin uwa ta sa hannu, ta tambayi abu ɗaya da ba a cika rubutawa ba: idan aka saki mahaifin, yaron zai ci gaba? Da yawa daga cikin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke, ana iya sallamarsu a kowane lokaci, kuma mutumin da ya fito yau ba shi da aiki gobe. Cire ɗansa a wata na huɗu asarar duk abin da aka kashe ce.