Robar gasa kek mai siffar bishiyar Kirsimeti, abin da na gani bayan gashi huɗu

Sati biyu kenan da na sayi robar gasa kek ta silikon (roba mai laushi da ke jure zafin oben) mai ramuka shida, kowane rami da siffar bishiyar Kirsimeti, kuma na gasa da ita har sau huɗu, to yanzu kam zan iya magana. A wajen wata mai sai da kayan kek a Instagram na saya, aka kawo min har gida nan Jos. A hoto ta fi haka girma gaskiya, da na buɗe leda sai na ga kowace bishiya ba ta wuce tafin hannun yarona ɗan shekara 7 ba, raina ya ɗan sosu, amma daga baya na ga hakan ya fi don yaro ɗaya bishiya ɗaya, ba sai an nemo wuƙa ba.

Kwaɓin da na saba shi na yi, fulawa giram 250, bota 250, suga 200, ƙwai 4, ƙaramin cokali ɗaya na bakin hoda da ɗan banila. Gashin farko bai yi ba sam. Mai sayarwar ta ce min ba ya kamawa ba sai na shafa komai ba, na yarda na zuba haka nan, da na zo juyewa duk tsinin rassan suka maƙale a lungu, bishiya huɗu cikin shida suka fito ba kai. Abin ya min ciwo don ƙwai ba arha ba yanzu.

Dan Allah 'yan uwa ku shafa bota, ku bi kowane lungu da ɗan buroshi ko yatsa, ku barbaɗa fulawa ku kakkaɓe. Sannan ku ɗora robar kan faranti na ƙarfe tun kafin ku zuba kwaɓin, don laushi gare ta, in kika ɗaga ta a cike lanƙwashewa take kwaɓin ya zube gefe. Kar a cika ramin, ya ɗan wuce rabi ya isa. A oben ina sa wuta digiri 170 na Celsius, minti 20 zuwa 22 ya gasu, ina soka tsinken sakace in ya fito a bushe shikenan. Ranar da gas ya ƙare na gwada a tukunya da yashi, ya yi kyau shi ma, sai dai kar robar ta taɓa jikin tukunyar ko yashin kai tsaye. Kuma a bar shi ya huce sosai, minti 15 ko fi, sai ki tura daga ƙasa ki ɓare robar a hankali, zai fito da zanen rassansa tas.

Wajen kwalliya ne na fi jin daɗi. Na buga bota da aisin suga (garin suga mai laushi) na ɗiga kalar abinci kore, na zuba a leda na yanke bakinta na riƙa ja hagu da dama daga sama zuwa ƙasa, sanyin hunturun nan na Jos ya taimaka don ko alamar narkewa bai yi ba. 'Yata ce ta jera Smarties (ƙananan alewar cakulan masu kala-kala) a matsayin fitilu, tana yi tana ƙirgawa kar wata bishiya ta fi wata, sannan muka tankaɗe aisin suga da rariyar shayi a kai, sai ga shi kamar ƙanƙara ta sauka. Gindin bishiyar kuwa dogon cincin muka soka.

Duk shekara muna kai wa maƙwabciyarmu shinkafa da kaza ranar 25 ga Disamba, su ma suna aiko mana da naman layya, shi ya sa na kai mata guda uku ta ɗanɗana tun yanzu. Jikokinta suka ƙi ci, wai sai babansu ya dawo ya gani tukunna.

Wanki ne kawai ke ba ni wahala, maiƙo na zama a lungunan sai da ruwan zafi da tsohon buroshin haƙori. Kuma shida a gashi ɗaya ya min kaɗan, ina da yaran Sande Sukul 30 da na yi wa alkawari, don haka gobe zan ƙaro ta biyu.