Kundin wasannin Sofokil da na saya wurin mai baza littattafai a Zinder: ya ci kuɗinsa, amma ku duba kafin ku biya

Jama'ar Damagaram masu son karatu, wannan naku ne. Cikin masu baza tsoffin littattafai a ƙasa ta gefen kasuwa akwai wani dattijo da kayansa suka fi na saura nauyi, yawanci littattafan faransanci ne na lise da na jami'a waɗanda suka sha hannu, kuma a wurinsa na samu kundin wasannin kwaikwayon Sofokil, mutumin Girka, duka bakwai ɗin a littafi guda, fassarar faransanci, ƙaramin bugu irin na sawa a aljihu. Jikka uku ya fara faɗa, muka daidaita a jikka biyu, kuma wallahi ban ga an cuce ni ba ko kaɗan.

Jikin littafin kam ya ji jiki. Takardar ta yi ja, an liƙe bangon da sikoc, ƙurar hunturu ta shiga tsakanin shafuka har sai da na bi su da tsumma, kuma wani ɗalibi da ya riga ni ya bi ya ja layi da jan bik a wurare da dama. Rubutun ƙanana ne sosai, in wuta ta ɗauke kana karatu da fitilar waya idonka zai gaya maka. Amma shafi bai ɓace ba, na tsaya na lissafa su a gabansa kuma bai nuna gajiya ba, har benci ya miƙo min ya ce "zauna ɗana, duba da kyau, wanda ya saya bai duba ba shi ke dawowa da faɗa." Wannan hali nasa shi ya sa zan koma.

Sai dai ga inda za ku yi hankali. In ka ce masa Antigone kake so, wato ɗaya daga cikin wasannin Sofokil ɗin, siririn littafi zai fara ɗauko maka, na wani Bafaranshe Jean Anouilh, wanda aka fara nunawa a Paris a 1944 lokacin Jamusawa na riƙe da garin. Shi ne ƴan lise suka fi tambaya shi ya sa yake kusa da hannunsa. Na ce masa Baba ba wannan ba, na tsohon nake nufi, sai ya tona ƙasan kwali ya zaro wannan. Shi a wurinsa duk ɗaya ne, suna ya zo ɗaya, alhali tsakanin littattafan biyu akwai shekara fiye da 2300. Ku duba bango ku ga an rubuta Sophocle. Na Anouilh ba laifi gare shi ba, amma wani abu ne daban, kuma in malamin makaranta ya ce a karanto ɗaya ka kawo ɗayan kai ne da asara.

To abin da ke cikin littafin shi ya hana ni barci, musamman Antigon ɗin. Sofokil mutumin Atina ne, ya rayu kusan shekara 90, ya rasu wajajen 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta wasanni fiye da 120 amma bakwai kaɗai suka iso gare mu cikakku. Antigon an yi shi ne wajajen 441 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma labarin ba shi da tsawo. Ƴan'uwa biyu, Etiyokil da Polinis, ƴaƴan sarki Edip, sun yi faɗa kan sarautar birnin Teb, Polinis ya ɗauko rundunar waje ya kawo wa garinsu hari, suka kashe juna a bakin ƙofar gari. Kawunsu Kireyon ya hau gado. Dokarsa ta farko, a binne Etiyokil da girmamawa tunda gari ya kare, shi kuwa Polinis a bar gawarsa a fili karnuka da tsuntsaye su ci, wanda ya binne shi kisa ne hukuncinsa. Ƙanwarsu Antigon ta ce ita kam sai ta rufe ɗan'uwanta.

Ina jin akwai masu karatu a wasu ƙasashe da sai an yi musu dogon bayani kafin su gane me ya sa yarinya za ta ba da ranta saboda gawa. Mu ba ma buƙatar bayanin nan. A garin nan in aka yi rasuwa mutum na rufe shago ya bi gawa ko bai san mamacin ba, jana'iza farilla ce a kan al'umma, in wasu suka yi ta sauka a kan kowa, in aka bari kowa ya ɗauki laifi. Ka ɗauka a ce an yar da gawar wani a bayan ganuwar Birni, an sa masu gadi, an ce duk wanda ya kusance ta da likkafani ya mutu, kuma ɗan uwarku ɗaya ubanku ɗaya ne. Ita Antigon ko kabari ba ta iya haƙawa ba, ƙasa ta ɗiba da hannu ta watsa a kan gawar, da masu gadi suka share ta dawo da tsakar rana ta sake, a nan aka kama ta. Da aka kawo ta gaban Kireyon ba ta musa ba, ta ce akwai dokokin da ba a rubuta ba waɗanda suka girmi dokar kowane sarki.

Amma ni ba Antigon ce ta fi tsaya min a rai ba, Kireyon ne, kuma a nan nake ganin ƙarfin Sofokil. Bai yi shi mugu tun farko ba. Jawabinsa na farko in ka karanta sai ka ce ai mutumin nan gaskiya gare shi, gari ya fito daga yaƙi jiya jiya, wanda ya kawo abokan gaba ɗan gidan sarauta ne, in aka yi masa jana'iza irin ta wanda ya mutu yana kare gari to me za a gaya wa iyayen waɗanda suka faɗi a bakin ganuwa? Kuma in sarki ya sassauta doka saboda mai laifin ɗiyar ƴar'uwarsa ce, kuma budurwar ɗansa, gobe wa zai ji tsoron doka? Duk wanda ya taɓa riƙe ko da shugabancin ƙungiyar unguwa ya san wannan damuwa ta gaske ce. Abin da ya kashe shi a hankali yake shigowa. Mai gadi ya zo da rahoto, sai ya ce cin hanci aka ba su. Antigon ta yi magana, sai zancen ya tashi daga tsaron gari ya koma shi ba zai yarda mace ta rinjaye shi ba, ya maimaita wannan fiye da sau ɗaya. Daga nan kowa ya buɗe baki maƙiyi ne. Ya riga ya furta a gaban dattawa, magana zarar bunu, kuma a ganinsa janyewa faɗuwa ce.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne shigowar ɗansa Hemon. Yaron nan ya zo da ladabi irin wanda muka sani, bai fara da zancen budurwarsa ba, ya fara da cewa shi na ubansa ne kuma shawarar ubansa ita yake bi. Sannan a hankali ya ce, akwai abin da ake faɗa a gari wanda ba mai iya faɗa a gabanka saboda ana tsoron fuskarka, amma ni ina ji, mutane na tausayin yarinyar nan. Ya kawo masa misalin itatuwan bakin rafi lokacin ambaliya, wanda ya lanƙwasa ya tsira da rassansa, wanda ya ƙi ruwa ya tumɓuke shi da saiwa. Uban bai ji ko ɗaya ba, abin da ya ji kawai shi ne yaro ƙarami na koya masa mulki, har ya kai ga tambaya wai gari ne zai gaya masa yadda zai yi sarauta, ɗan ya amsa masa cewa garin da ya zama mallakar mutum ɗaya ba gari ba ne. Cikin ƴan layuka kaɗan hira tsakanin uba da ɗa ta koma zagi. Wanda ya riga ni littafin ya ja layi biyu a wurin nan, na gane dalilinsa. Girman kai rawanin tsiya da muke faɗa kullum, ban taɓa ganin an nuna yadda ake naɗa shi fallen fallen kamar a shafukan nan ba.

Ita ma Antigon ba a wanke ta tas ba. Yadda take yi wa ƴar'uwarta Ismen akwai zafi, Ismen ta ji tsoro da farko, daga baya ta zo ta ce a kashe su tare, Antigon ta ture ta a gaban mutane ta ce ba ta da rabo a aikin da ba ta sa hannu ba. Gaskiya na gefen Antigon, a wannan ba na shakka, amma taurin kan jininsu ɗaya ne da na kawunta.

Ƙarshen kuwa, makahon boka Tiresiyas ya zo ya gaya wa Kireyon cewa ya juya duniya, ya bar matacce a sama ya sa mai rai a ƙasa, domin an riga an rufe Antigon da ranta a cikin kogon dutse. Shi ma sai da Kireyon ya zarge shi da karɓar kuɗi. Da tsoro ya kama shi ya sauko, kuma ku lura da wannan, dattawa sun ce masa ya fara sakin yarinyar sannan ya binne gawa, shi kuma ya fara da gawar. Kafin ya isa kogon ta rataye kanta, Hemon ya kashe kansa a gefenta, matar Kireyon, Eridis, ta ji labari ta shiga cikin gida ba ta ce uffan ba ita ma ta bi su. An bar shi da rai da sarautarsa yana roƙon a janye shi daga idon mutane. Ihu bayan hari.

Dole in faɗa saboda iyaye masu saya wa ƴaƴansu, mutanen nan masu bautar gumaka ne, sunayen allolinsu sun cika littafin, kuma akwai kisan kai da addininmu ya haramta. Ba littafin aƙida ba ne, ba kuma na ƴan firamare ba. Amma ɗan lise da ya san addininsa ba abin da zai rage masa, zai ma ga yadda mutanen da ba su da littafi saukakke suka gane cewa akwai iyakar da mai mulki ba ya tsallakewa.

Babban aibin wannan bugun shi ne ba shi da bayani. Ƴar gabatarwa ce gajera sai wasanni, ba sharhi a ƙasan shafi, kuma waƙoƙin ƴan amshi, wato taron masu waƙa tare tsakanin sassan wasan, cike suke da sunayen wurare da na mutanen da ba a gaya maka ko su wa ne ba, mai karatun farko zai iya gajiya ya tsallake su, alhali a cikinsu ne dattawan gari ke auna maganar. Ba a gaya maka cewa a fili ake yin wasannin nan ba, da rana, a gindin tudun Akropolis na Atina lokacin bikin shekara na gunkinsu Diyonisos, marubuta uku na gasa, ƴan wasa uku ne kacal ke raba duk manyan rawar suna canza abin rufe fuska, duka maza har mai fitowa a Antigon, ƴan amshi kuma 15. Sanin wannan na canza karatun, domin sai ka gane mutanen Atina da ke zaɓen shugabanninsu da kansu ne suka zauna dubbai suna kallon abin da iko ke yi wa mai riƙe da shi. In za ka ba ɗalibi littafin nan, ka haɗa shi da wanda zai yi masa wannan shimfiɗa.

Kuma abin bai tsaya a Girka ba. Nelson Mandela ya fito a matsayin Kireyon lokacin da fursunoni suka yi wasan a kurkukun tsibirin Robben, mutumin da doka ta ɗaure shi ne ya ɗauki rawar mai kafa doka. Mu nan Zinder da muka san darajar tiyatir, garin da André Salifou ya fito ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimun, ina mamakin yadda matasanmu masu wasan kwaikwayo ba su rungumi wannan labari da Hausa ba, ba ya buƙatar kaya masu tsada, fada ɗaya ce da ƙofa ɗaya.

Sauran wasannin ban tsaya a kansu kamar wannan ba. Na Edip sarki an fi saninsa, mutumin da ya rantse zai nemo wanda ya kashe tsohon sarki har bincikensa ya dawo kansa, yana da kyau ƙwarai amma ƙaddara ta fi yawa a cikinsa. Wanda nake ba da shawara a bi da shi bayan Antigon shi ne Ajas, domin shi ma rigimar gawa ce. Jarumi ne da aka hana shi makaman Ashil, babban jarumin rundunar Girkawa da ya mutu, aka ba wani jarumin mai suna Ulis, baƙin ciki da hauka suka sa ya yanka dabbobin runduna yana zaton shugabanni ne, da ya farfaɗo kunya ta sa ya faɗa kan takobinsa. Agamemnon da Menelas, shugabannin rundunar, suka ce ba za a binne shi ba, ɗan'uwansa ya tsaya a kan gawar ya ƙi matsawa, kuma wanda ya zo ya lallashi Agamemnon har ya yarda aka yi jana'izar shi ne Ulis, babban abokin gabar mamacin. Shi ne wasan farko a kundin nawa, shafukansa sun fi na sauran tsabta, da alama mai jan bik ɗin bai karanta shi ba.