B&M SuperCooler 70268: ko ya isa ya kare giyar otomatik daga zafi?

Zafi ne ke kashe yawancin giyar otomatik, kuma mafi yawansa daga tok konbata, wato mahaɗin da ke tsakanin inji da giya, yake fitowa. Muddin konbata bai kulle ba, man giya ne ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa giya, yana ta gogayya yana ɗumama. Motar da ke jan tirela, ko hawan tudu da kaya, ko tsayawa da tashi cikin cunkoso da rana tsaka, a haka take wuni. Man giya ya fi son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Selsiyus. In ya haura 120 yana daɗewa a can, sai ya fara ƙonewa, ya bar dauɗa a bawul, robobin sil su ƙandare, faifan kuloci su fara sulɓi.

Sanyin da kamfani ya tanadar wa yawancin motoci ɗan bututu ne a cikin tankin lagireto. Yana aiki, amma ruwan da ke sanyaya shi ma mai zafi ne, ga shi lokacin da giya ta fi buƙatar taimako shi ne lokacin da inji ya fi zafi. Nan SuperCooler 70268 ya shigo, wato kula na kamfanin B&M, na'urar da ake ƙarawa don sanyaya man giya. Na alminiyom ne, faranti bisa faranti, faɗinsa inci 11, tsayi inci 7 da 'yan kai, kauri kashi uku bisa huɗu na inci, don haka yana shiga gaban kwandansan AC a motoci da yawa ba tare da an yanka komai ba. Ya fi irin mai bututu lanƙwashe nesa ba kusa ba, domin mai yana bazuwa cikin faranti masu yawa, iska na dukansa ta ko'ina.

Abin da ya fi burge ni a ƙirarsa shi ne yadda yake yi da mai mai sanyi. Da safe mai yana da kauri, sai ya bi ta faffaɗar hanya ya wuce ba tare da ya ratsa dukkan farantan ba; da ya ɗumama ya tsinke, sai ya shiga ƙananan hanyoyin. Wannan yana da amfani, saboda sanyi fiye da kima ma matsala ne: kwamfutar giya a motoci da dama ba ta barin konbata ya kulle sai mai ya yi ɗumi.

Inda ya gaza shi ne kayan ɗaurawar da ke cikin kwali. Tsinkayen robar da ake sokawa ta cikin kwandansa ko lagireto suna girgiza tare da mota, a hankali su goge ƙarfen har ya huje. A ajiye su, a yi masa ƙafafu da ƙarfe a ɗaure da noti a jikin firam, a bar ɗan tazara tsakaninsa da kwandansa. Tiyon ma ba ya isa a manyan motoci. In za a ƙaro, a nemi tiyon man giya mai lambar SAE J1532. Tiyon fetur yana yin laushi ya fashe da zafin man giya.

Wajen haɗawa, kada a tsallake lagireto. Mai ya fito daga giya, ya shiga lagireto, ya wuce sabon kula, sannan ya koma giya. Don gane bututun komawa, a tayar da inji mai sanyi, a taka birki a sa giya a D na ɗan lokaci, a kashe, a taɓa bututun biyu: wanda ya fi sanyi shi ne na komawa. Bakunan kula su kalli sama ko gefe don kada iska ta maƙale a ciki. In an yanka bututun ƙarfe, a buɗa bakinsa kaɗan sannan a sa kilif biyu a kowace mahaɗa. Wannan ba wurin ganganci ba ne: famfon giya yana tura kusan lita ɗaya cikin daƙiƙa 20, tiyo ɗaya ya zame a kan hanya, kafin direba ya ankara giya ta bushe. Bayan an gama a ƙara mai kamar rabin lita, a bar inji yana aiki, a bi kowace giya, a duba awo da yoyo.

Kula ba ya gyara man da ya riga ya mutu. In mai ya yi baƙi yana warin ƙuna, a canza shi tukuna. Buɗe noti a tsiyaye yana fitar da lita 3 zuwa 4 ne kawai daga cikin 7 zuwa 10, sauran yana cikin konbata, don haka a yi sau uku ana ɗan tafiya a tsakani. Mota mai shan wahala ta samu sabon mai duk kilomita 40,000 zuwa 60,000, ko da an ce nata na har abada ne. Kuma a zuba irin man da littafin mota ya ce, misali WS ga Toyota da ke buƙatarsa, DW-1 ga Honda, Dexron VI ga GM, ATF+4 ga Chrysler. Giyar CVT, wadda ke aiki da bel ko sarƙa, nata man daban ne gaba ɗaya. Mai da ya koma kamar madara mai ruwan hoda kuwa alama ce bututun cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga giya. A tsaya nan take, domin ruwa yana ɓamɓare fatar faifan kuloci.

Ga ƙaramar mota, ko mai matsakaicin girma da ke jan ɗan kaya, 70268 ya wadatar, kuma ya cancanci saye. Babbar a-kori-kura mai jan tirela mai nauyi tana buƙatar wanda ya fi shi girma, ko mai fankarsa, tunda a tafiyar hawainiya iska ba ta isowa. Kafin a saya, a jona na'urar OBD (wadda ake haɗawa da kwamfutar mota) mai karanta zafin man giya a yi aikin da aka saba da motar. In bai wuce 100 ba a tudu mafi tsanani, canjin mai a kan kari ya isa.