Shaƙiyyin hanyar Gwanja a cikin memorina

Ni tela ne, kuma in ina kan keke ba na son kunnena ya zauna banza. Makon jiya na kai memorina wurin yaron da ke tura waƙoƙi da littattafan sauraro a bakin layinmu, na ce ya zuba min na tarihi. Naira 500 ya karɓa, ya ce, "Baba, wannan sai ya mantar da kai zare."

Bai yi ƙarya ba. Labarin wani shaƙiyyi ne ɗan Kano, zamanin Sarki Bello, da ya lallaɓa cikin ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja. Ba shi da jaki, ba shi da kaya, sai rawanin aro da zaƙin baki. Kafin a haye Kwara ya zama malamin duban madugu. Kafin a sauka Salaga ya ci bashin kanwa a hannun mutum uku, ga shi kuma yana neman 'yar fatoman da ya ba shi masauki. Abin haushin, ina ɗinki ina yi masa addu'ar kada a kama shi. Wannan aikin mai karatun ne. In gogan zai shara ƙarya, sai ta sassauta murya kamar mai wa'azi, har yaran shagona suka gane, da sun ji ta yi laushi sai su kwashe da dariya.

Marubucin ya yi tuntuɓe wuri guda. Ya sa an yanka sadaki da fam da sule, alhali sai 1903 Turawa suka ci Kano. Lokacin wuri ake ƙirgawa, dubu 20 a keso guda. Kakata ta sha ba mu labarin nauyinsa.

Ƙorafina na gaske kan mai turawar ne. Babu sunan littafi, babu na marubuci, lambobi kawai, 1 zuwa 22. Na 22 ya tsaya daidai inda basasar Salaga ta 1892 ta ɓarke, gogan na bisa katanga da zanen yarinyar a kafaɗa. Na koma, yaron ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Baba, ni ma haka na samo shi." Ya ba ni wa'azi kyauta a madadinsa.

Sauti dai tas yake, ko keke na gudu ana ji. Wanda zai je, ya sa a kunna masa na ƙarshen tukuna kafin ya miƙa kuɗi.