Bayanan tukunyar nukiliya: a ajiye tun da wuri, ko a jira haɗari?

Ana yawan tambayata wanne ya fi: ƙasa ta miƙa wa IAEA, hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya da ke Viyana, bayanan ƙirar tukunyar tashar nukiliyarta tun ana zaman lafiya, ko ta bari sai haɗari ya auku?

Ta fuskar sauri, ajiyewa da wuri ya yi gaba, domin in haɗari ya auku masu nazari na hukumar suna da zanen a hannu. A tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan, a watan Maris na 2011, ruwan tsunami ya kashe injinan lantarki, ma'aikata suna karanta ma'auni da tocila a cikin duhu, suna haɗa baturan mota. Wa ke da sukunin aika zane a wannan hali? Japan ta kwashe mutanen da ke cikin kilomita 20 daga tashar, Amurka kuwa ta ce 'yan ƙasarta su nisanci kilomita 80. Wannan saɓanin ya ruɗa jama'a, kuma har yau yana damuna.

Amma ajiyewar tana da tsada. Kullum aka sauya famfo ko bututu sai an sabunta bayanan, in ba haka ba tsohon zane zai ɓatar da masu nazari. Ga sirrin kamfani, ga tsoron zanen ya faɗa hannun maɓarnata. Mai jira ya huta da wannan.

Ƙasar da tasharta ke kusa da iyaka, ko wadda ba ta da ƙwararru da yawa, ajiyewa da wuri ta fi dacewa da ita. Wadda ke da ƙaƙƙarfar hukumar sa ido, kuma maƙerin tukunyar na gida ne, tana iya jira, muddin ta tanadi wanda zai saki bayanan cikin sa'o'i.