Onagadori ko Finiks: wanne za ka iya riƙewa a gida?

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin zakara mai doguwar wutsiya, mai shi ya ce Onagadori ne, kana so ka san bambancinsa da Finiks, wanda shi ma irin kaza ne mai doguwar wutsiya, da kuma wanda ya fi sauƙin kiwo. Kafin ka ba da kuɗi, tambaye shi abu ɗaya: zakaran yana zubar da gashin wutsiyarsa ko ba ya zubarwa? A nan bambancin yake.

Onagadori ɗan Japan ne, asalinsa yankin Kochi a tsibirin Shikoku. Kowace kaza takan zubar da gashi ta sake sabo duk shekara, amma zakaran Onagadori akwai wasu gashin wutsiyarsa da ba sa faɗuwa. Tsawo kawai suke ƙarawa, kusan mita ɗaya a shekara, har an samu waɗanda suka haura mita 10. Japan ta sa shi cikin dukiyar ƙasa ta musamman a 1952, kuma tana tsaronsa sosai, ba a fitar da shi yadda aka ga dama. Shi ya sa idan na ji an ce ga Onagadori a kasuwar kaji, ba na saurin yarda.

Finiks kuwa a Jamus aka samar da shi, a ƙarshen ƙarni na 19, inda wani mai kiwon kaji, Hugo du Roi, ya haɗa kajin Japan masu doguwar wutsiya da wasu irin kaji. Finiks yana zubar da gashi duk shekara ko bayan shekara biyu, don haka wutsiyarsa takan tsaya wajen mita ɗaya ko ɗan fiye.

Wahalar kiwonsu ma ba ɗaya ba ce. A Kochi, zakaran da ake so wutsiyarsa ta yi tsawo ana ajiye shi shi kaɗai a wani akwati dogo siriri da suke kira tomebako. Yana tsaye a kan sanda can sama, wutsiyar kuma an naɗe ta an rataye don kada ya taka ko kashi ya ɓata ta. In za a fito da shi ya miƙe ƙafa, sai mutum ya bi bayansa riƙe da wutsiyar a hannu, kamar mai riƙe wa amarya mayafi. Wannan aiki ne na a kai a kai, kuma ni dai zama cikin akwatin nan yana ba ni tausayi.

Finiks ba ya bukatar haka, amma kada ka sake shi cikin kajin gida. Ka yi masa akurki mai faɗi, sandar hawansa ta yi tsayin da wutsiya ba za ta taɓa ƙasa ba, ta kuma yi nesa da bango don kada gashin ya riƙa gogawa. Ka shimfiɗa ɓuntun shinkafa busasshe, kana canzawa. Da damina taɓo ne babban abokin gabarsa: yana manne wa gashin, ya bushe, ya karya shi. Kada ka haɗa shi da wani zakara, faɗa ɗaya ya isa ya tsige abin da ya yi watanni yana tsirowa. Ka riƙa ɗaga fiffikensa da gindin wutsiya kana duba ƙuma, a kuma yi masa rigakafi kamar sauran kaji.

Gashi abinci yake ci. Dusa da dawa kaɗai ba za su fitar da wutsiya mai sheƙi ba, sai ka ƙara garin kifi, ƙuli-ƙuli ko waken suya da aka soya, musamman lokacin da yake sake gashi.

Matan dukansu ba su da wannan doguwar wutsiya, ƙwansu ƙanana ne kuma ba yawa, don haka ba kajin ƙwai ba ne.

Ni Finiks zan ce ka ɗauka. Ka nemi a nuna maka uban zakaran, ka ga wutsiyarsa da idonka, sannan ka biya kuɗin Finiks, ko da mai shi ya dage da kiransa Onagadori.